Yadda zaka shirya ziyarar kwana biyu zuwa Harpers Ferry, tsohon garin tarihi a Amurka

'Yan uwa masu karatu ko aiki a yankin Washinton, da waɗanda suka je ziyara suka samu 'yan kwanaki a hannu, wannan bayanin naku ne. Yawancin mutanenmu in sun ɗauki hoto a gaban Fadar White House sun leƙa gidajen tarihi biyu ko uku sai su ga kamar an gama, alhali akwai wani ɗan ƙaramin gari a jihar West Virginia, tafiyar kusan mil 65 daga Washinton, wato wajen kilomita 105, wanda mazaunansa basu kai 300 ba amma tarihin da ke cikinsa ya fi na wasu manyan birane. Sunansa Harpers Ferry. A daidai nan kogin Potomac da kogin Shenandoah suka haɗu, kamar dai yadda Neja da Binuwai suka haɗu a Lokoja, sai dai shi wannan duwatsu ne suka kewaye shi ta ko'ina.

Mataki na farko: ka fara warware maganar abin hawa

Kafin ka kama ɗaki, kafin ma ka sa rana, fara da wannan, don shi ne yake ɓata wa mutane shiri. Garin yana da tashar jirgin ƙasa a cikinsa, to mutum yana gani a taswira sai yace ai shikenan zan tafi da safe in dawo da yamma. Ba haka bane. Jirgin MARC na layin Brunswick an tsara shi ne don ma'aikata masu zuwa aiki Washinton, saboda haka da safe yana ɗebo mutane ne daga can zuwa birni, da yamma ya mayar dasu, kuma ranakun aiki kawai yake yi, Asabar da Lahadi babu. Shi kuma jirgin Amtrak mai wucewa Shikago sau ɗaya yake bi ta nan a rana ta kowane ɓangare, yana tashi daga tashar Union Station ta Washinton wajen la'asar ya sauke ka bayan awa ɗaya da 'yan mintuna, mai dawowa kuma yana biyowa ne wajen tsakar rana, kuma tunda daga nesa yake fitowa yakan makara. Kaga kenan in jirgi zaka bi dole ka kwana, kuma in kana so ka samu yini guda cikakke kwana biyu zaka yi.

In kuna da mota ko zaku ɗauki ta haya abun yafi sauƙi. Daga Washinton ka hau babban titin I-270 ka nufi arewa har garin Frederick a Maryland, daga nan ka kama US-340 ka yi yamma, zaka tsallake Potomac ka ɗan taɓa jihar Virginia na ɗan lokaci sannan ka shiga West Virginia ka tsallake Shenandoah. In hanya babu cunkoso awa ɗaya da rabi ta isheka. Amma kada ka tashi ranar aiki da yamma, 270 a wannan lokacin cushewa take yi sosai. Masu ɗaukar motar haya su sani kamfanoni na ƙara kuɗi in direba bai kai shekara 25 ba, kuma yawanci katin kiredit suke so da sunan direban. Sannan in kaga motar makaranta mai launin ruwan ɗorawa ta tsaya tana kunna jar fitila, ka tsaya cak, tarar wannan ba ƙarama bace.

Shawarata dai in kun kai mutum uku ko huɗu ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota, zata baku damar leƙa wuraren da ke kusa wanda jirgi bazai kaiku ba.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Oktoba ne watan da garin yafi kyau, musamman daga tsakiyarsa zuwa ƙarshe lokacin da ganyen bishiyoyi ke komawa ja da ruwan ɗorawa a jikin duwatsun, amma kowa ma ya san haka, don haka Asabar da Lahadi a cike wurin yake, in da hali kaje Talata ko Laraba. Afrilu da Mayu ma lafiya lau. Yuli da Agusta akwai zafi mai gumi, ba irin busasshen zafin da muka saba dashi ba, zufa ce zata yi ta zubo maka kana hawan tudu. Lokacin sanyi kuma babu jama'a kam, amma rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, wasu shagunan a rufe, matakalar dutse kuma tana santsi in ƙanƙara ta kwanta.

Abu biyu ka duba ana saura kwana ɗaya ko biyu. Na ɗaya ruwan sama, domin ƙasan garin wuri ne na ambaliya tun asali, akwai ma alamomin da aka sa a jikin wani gini da ke nuna inda ruwa ya kai a shekaru daban-daban, mafi tsanani ita ce ta 1936. Na biyu ka tabbatar gwamnatin tarayya bata shiga irin rufewar nan da take yi ba in majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi, tunda hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da mafi yawan tsohon garin, in aka rufe to gidajen tarihin da motar ɗaukar baƙi na iya tsayawa. Shafin hukumar a intanet yana sa sanarwa a sama, minti ɗaya ya isa ka gani.

Mataki na uku: masauki

A cikin garin ƙananan masaukai ne na tsofaffin gidaje, irin waɗanda ake baka ɗaki da karin kumallo, ɗakunan basu da yawa, sai ka kama da wuri. Wanda ya biyo jirgi ya nemi ɗaki a nan ko a Bolivar, garin da ke manne dashi, don ya iya takawa da ƙafa, kuma kada ya dogara da cewa zai samu Uber a kowane lokaci. Mai mota zai iya sauka a Charles Town, mil 7 ne kawai, ko a Frederick inda otal ke da yawa. Mai saurin farkawa ya sani jiragen dakon kaya suna wucewa ta ƙasan garin har cikin dare.

Mataki na huɗu: abinci da salla

Kada ka taho da zaton zaka samu abincin halal a garin, ka yi guzurinka tun daga gida ko ka tsaya a Frederick ka saya. In zaka ci a gidajen abincin nan ka tsaya kan kifi ko ganye ko abin da babu nama, kuma ka buɗe baki ka yi tambaya, domin bacon da ham da pepperoni duk alade ne, kuma suna barbaɗa bacon har a cikin salak da miya ba tare da an rubuta da manyan baƙi ba, wani kifin ma ana kwaɓa fulawar suyarsa da giya. Basa jin haushin tambaya, sun saba. Kuɗin da ka gani a takardar abinci ba shi kenan ba, za a ɗora haraji, sannan in zama kayi aka kawo maka ana barin tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ma'aikatan da shi suke rayuwa, don Allah kada a hana su.

Masallaci kuma akwai a Frederick, Islamic Society of Frederick, in tafiyar ta faɗo Juma'a sai ka tsara ka yi salla can kafin ka ƙarasa. A cikin garin sai dai ka zo da 'yar daddumarka ka samu gefe mai tsafta nesa da hanyar mutane, bakin kogin Shenandoah akwai fili da inuwa. Ka lura alƙibla a wannan yankin arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, gara ka sa manhajar alƙibla a waya. Nisan tafiyar ya kai na ƙasaru a wurin mafi yawan malamai, amma ka tambayi malaminka tun kafin ka fita. 'Yan uwa Kirista kuma cocin St. Peter's da ke saman matakalar dutse, wanda aka fara ginawa a 1833, ana ibada a cikinsa ranar Lahadi.

Mataki na biyar: kayan da zaka ɗauka

Takalmi mai riƙe ƙafa, wannan shi ne kan gaba, garin duk hawa da gangara ne. Gorar ruwa, cajar waya, katin banki, katin shaida, rigar ruwa. Sauke taswirar yankin a wayarka tun kana gida. In zaka shiga daji sa dogon wando ka tura ƙafarsa cikin safa saboda kaska, kaskar wannan yankin tana ɗauke da cutar Lyme, in ka dawo ka duba jikinka da na yara sosai. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku da suke kira poison ivy, taɓa shi na jawo ƙuraje da ƙaiƙayi na kwanaki, ka nemi hotonsa ka gane shi. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ka barshi a gida, an hana tashinsa a wuraren hukumar.

Mataki na shida: ranar farko, ƙasan gari

Kada ka kutsa da mota cikin tsohon garin, wurin ajiye motoci na tashar jirgi ƙarami ne kuma tun da safe yake cika. Wuce cibiyar baƙi da ke lamba 171 Shoreline Drive, ka biya kuɗin shiga, dala 20 ne kowace mota, mai ƙafa ko keke dala 10, kuma tikitin yana aiki kwana uku, amma ka sake dubawa ko an canza. Daga nan akwai bas da zata sauke ka ƙasa, kuɗinta na cikin na shiga. Ka tambayi lokacin bas ta ƙarshe tun kana sauka. Yi ƙoƙari ka iso ƙarfe tara, lokacin ake buɗe gine-ginen, ana rufewa biyar.

Fara da wurin da suke kira The Point, bakin mahaɗar kogunan. Kana tsaye a West Virginia, dutsen hagunka Maryland ne, na damanka Virginia. Tsayuwa a nan ita zata sa ka gane dalilin duk abin da ya faru a garin. Robert Harper ne ya mallaki filin a 1751 yana tsallakar da mutane da kwale-kwale, daga nan sunan ya fito. George Washington, shugaban Amurka na farko, kuma shi ya zaɓi wurin a gina masana'antar bindigogi ta gwamnati saboda ƙarfin ruwan da zai juya injuna, aka fara ginin a 1799, kafin 1861 an ƙera bindigogi sama da 600,000 a nan. Bindigogin nan su suka jawo John Brown.

Ɗan ƙaramin ginin jan bulo da ke kusa da nan, wanda suke kira John Brown's Fort, asalinsa ɗakin ajiye injin kashe gobara ne. John Brown Bature ne mai tsananin riƙo da addininsa wanda ya yi imani cewa bauta zunubi ce da magana kaɗai bazata kawar ba. Daren Lahadi 16 ga Oktoba 1859 ya shigo garin da mutanensa, gaba ɗayansu su 21 ne banda shi, biyar daga ciki baƙaƙen fata, da niyyar kwashe makamai ya raba wa bayi su 'yantar da kansu. Abun bai tafi yadda ya tsara ba. Mutumin farko da aka kashe ma baƙar fata ne mai 'yanci, ba bawa ba, Heyward Shepherd, ma'aikacin tashar jirgi. Mutanen gari suka yi musu ƙawanya, safiyar 18 ga wata sojojin ruwa ƙarƙashin Kanar Robert E. Lee suka fasa ƙofar ginin nan. Goma cikin mutanensa sun mutu har da 'ya'yansa biyu, shi kuma aka yi masa shari'a a Charles Town aka rataye shi ranar 2 ga Disamba 1859. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke.

In ka shiga gidan tarihin John Brown da ke tsallaken titi, don Allah kada ka wuce labarin Dangerfield Newby da gaggawa. Shi ya samu 'yanci amma matarsa Harriet da 'ya'yansu suna hannun ubangida a Virginia, tana rubuto masa wasiƙu tana roƙon ya zo ya fanshe su kafin a sayar dasu, ya tara kuɗi abun bai yiwu ba, shi yasa ya bi John Brown, kuma shi ne na farko da ya faɗi a cikinsu. Ni a ganina wanda bai tsaya kan wannan ba bai fahimci abin da ya kawo mutanen nan ba. Ka bawa gidan tarihin nan awa guda ko fiye.

Sauran gine-ginen titin Shenandoah zaka iya bi da sauri, tsohon kanti, ofishin soja, ɗakin da ke bayanin yadda Meriwether Lewis ya zo a 1803 ya ɗebi makamai don tafiyarsa ta binciken yammacin ƙasar. Na yaƙin basasa shi ma ka leƙa, garin ya sauya hannu sau takwas, kuma a Satumba 1862 sojojin Arewa, wato na gwamnatin tarayya, sama da 12,000 suka miƙa wuya ga Janar Stonewall Jackson na 'yan awaren Kudu a nan.

Mataki na bakwai: ka hau tudu, kada ka tsaya a ƙasa

Nan ne ainihin dalilin da yasa na zauna rubuta wannan. Yawancin baƙi suna gama zagaya ƙasa su sha ayis kirim su hau bas su tafi, rabin labarin kuma yana sama. Bayan azahar ka kama matakalar da aka sassaƙa a jikin dutse, ka wuce gidan Harper wanda shi ne gini mafi tsufa da ya rage, ka wuce cocin, ka ƙara gaba kaɗan zuwa Jefferson Rock inda Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya tsaya a Oktoba 1783 har ya rubuta cewa kallon wurin ya cancanci a tsallako tekun Atlantika dominsa. An hana hawa kan dutsen, ka tsaya gefe ka yi hotonka. Ci gaba ta maƙabarta har unguwar Camp Hill.

A nan kwalejin Storer take. An buɗe ta a 1867, shekara biyu bayan gama yaƙi, don koyar da waɗanda aka 'yanta daga bauta, da gudummawar dala 10,000 daga wani mutumin jihar Maine mai suna John Storer, da sharaɗin a ɗauki kowa ba tare da duba launi ko jinsi ba. Ka tuna kafin yaƙin dokar Virginia ta hana tara baƙaƙen fata a koya musu karatu. Frederick Douglass, tsohon bawan da ya yi fice wajen yaƙi da bauta, ya yi jawabi kan John Brown a nan a 1881. A Agusta 1906 W.E.B. Du Bois da ƙungiyar Niagara, masu fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata, suka yi taronsu a harabar, taron da ya share hanyar kafa babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP a 1909, kuma da asuba suka taka zuwa gonar Murphy inda ginin John Brown yake a lokacin, da suka matso kusa suka cire takalmansu don girmamawa. Eh, ginin ya sha yawo, an kwance shi an kai Shikago a 1891, aka dawo dashi gonar, a 1909 aka kawo shi harabar kwalejin, sai 1968 aka mayar dashi ƙasa kusa da inda yake tun farko.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru a 1904 kuma Hausa ce yaren da ya fara ji da ƙuruciya, a wannan makarantar ya fara karatu da ya iso Amurka a 1925, kafin ya wuce jami'o'in Howard da Lincoln, ya dawo gida har ya zama shugaban Najeriya na farko a 1963. An rufe kwalejin a 1955, bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, jihar ta janye tallafinta. Babban ginin yanzu cibiyar horar da ma'aikatan hukumar ce, amma zaka iya zagaya harabar ka karanta allunan bayani. In kun zo da yara a nan ya kamata ku zauna ku yi musu bayani a tsanake, wurin shiru ne babu turmutsutsu.

Mataki na takwas: rana ta biyu

In ƙafarka da gwiwarka lafiya, tashi da sassafe ka tsallake gadar ƙafa da ke gefen layin dogo zuwa ɓangaren Maryland, ka hau Maryland Heights. Zuwa da dawowa daga ƙasan gari kusan mil huɗu da rabi ne, ka ware awa uku zuwa huɗu, hawan da tsauri kuma babu ruwan sha ko banɗaki a hanya, amma daga can ne ake ɗaukar hoton nan da ake ganin garin gaba ɗaya tsakanin kogunan biyu. Bakin dutsen babu shinge, a riƙe hannun yara. Wanda bazai iya ba, yana sauka daga gadar sai ya bi hanyar gefen tsohon magudanar ruwa ta C&O, shimfiɗaɗɗiya ce, ta taso tun daga Georgetown har Cumberland mil 184 da rabi, ka taka iya ƙarfinka ka juyo. Gadar nan ma wani yanki ce na hanyar tafiya da ƙafa ta Appalachian mai kusan mil 2,200 daga Georgia zuwa Maine, shi yasa zaka riƙa cin karo da mutane da manyan jakunkuna a baya, wasunsu watanni suka yi suna tafe.

Kogin yana da kyau a ido amma kada ka shiga wanka, ruwan yana da ja a ƙasa kuma ya ci mutane. Kada ka taka layin dogo don hoto, jirage na aiki a kansa. Kada kuma ka tsinci tsohon ƙarfe ko ɓallin bulo ka sa a aljihu, laifi ne a dokar tarayya.

Mai mota da ya sauko kafin azahar yana da zaɓi biyu. Ko ya biya Charles Town ya ga kotun da aka yi wa John Brown shari'a, har yanzu tana tsaye a tsakiyar gari, minti ashirin ya isa. Ko ya yi arewa kamar rabin awa zuwa filin yaƙin Antietam kusa da Sharpsburg, inda ranar 17 ga Satumba 1862 mutane wajen 23,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace a yini ɗaya, kuma bayansa da kwana biyar Shugaba Lincoln ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayi. Shi yana da nasa kuɗin shiga daban, kuma da mota ake zagaya shi, ka ware masa awa biyu. Kada ka ce sai ka haɗa duka biyun da hawan dutse a rana ɗaya, gajiya zata hanaka fahimtar komai.

In ranar Lahadi zaka koma, ka kama hanya kafin ƙarfe uku ko ka bari sai bayan magariba, don duk waɗanda suka fita hutun ƙarshen mako lokaci guda suke komawa ta 340 da 270. Ka cika tankin motar haya kafin ka mayar, ka riƙe rasit ɗin mai, sannan ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe a wurin da ka ajiye ta.